Daga Igiyar Awo Zuwa Digiri: Yadda Ilimin Tattalin Filaye Ya Iso Bakin Iyakar Illela

Tun kafin a buɗe ajin farko na tattalin filaye a kowace jami'a, ƙasar da ke tsakanin Gwadabawa da Birnin Konni tana da masana wannan fanni. Akwai dattijon da ya san iyakar kowace gona, daga gindin gawo zuwa layin gamba, ya kuma san wanda ya sare ta da wanda aka ba aronta. Akwai maigari mai yanka wa baƙo daji, da sarkin noma, da alƙalin da ke zama da magada ya raba musu gonar mahaifinsu. Yau aikin da waɗannan bayin Allah ke yi ya zama darasin jami'a na shekara biyar, wanda ya haɗa shari'a da lissafi da tattalin arziki da awon ƙasa. Tsakanin wancan dattijo da ɗalibin yau akwai tafiyar shekara sama da ɗari biyu, kuma a kowane zango ilimin ya ɗan ƙara nisa da manomin da ya fi kowa bukatarsa.

A zamanin da daji ke da yalwa, mutane kuma kaɗan, fili shi kaɗai ba dukiya ba ne. Dukiya ita ce hannayen da za su nome shi. Wanda ya sare daji shi ke da gona. Idan ta gaji sai a bar ta saura, a matsa gaba. Maigida yana riƙe da gandu, 'ya'ya da ƙanne suna yi masa aiki, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake shiga da yamma. Wanda bai da gona ya nemi aro, wanda bashi ya kama ya ba da jingina, ranar da ya biya gonarsa ta dawo. Makiyayi yana da burtali da mashaya, bayan kaka kuma ya sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki. Babu takarda ko ɗaya a cikin wannan tsari, amma akwai shaidu, kuma shaidar dattijo uku a gaban maigari ta fi ƙarfin hatimi da yawa da muke gani a yau.

Jihadi ya sanya wa wannan tsari rubutu. Yankinmu na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, domin bayan hijira zuwa Gudu a 1804 Matankari da Konni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci. Da daula ta zauna, tambayar wa ke da wace ƙasa ta taso da ƙarfi, sai Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi, ɗan littafi a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan matacciyar ƙasa bisa mazhabar Malikiyya: raya ta da noma ko gini ko rijiya, hurumin da ke kewaye da gari, abin da shugaba ya yanka wa mutum, da wurin da aka keɓe don amfanin jama'a kamar makiyaya. A ganinmu duk wanda zai koyar da tattalin filaye a Sakkwato, daga wannan littafi ya kamata ya soma. A cikinsa aka zauna aka tambayi abin da ke sa fili ya zama na wani, da iyakar ikon mai mulki a kansa. Daga fiƙihu ne kuma alƙalanmu suka ɗauko hauzi, wato haƙƙin wanda ya daɗe yana riƙe da fili a gaban idon mai da'awa ba a yi magana ba, da shufa'a, wadda ke ba abokin tarayya damar riga bare saye.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki fili a matsayin makamin tsaro da na raya ƙasa. Ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zaunar da mutane, ya ja hankalin Fulani su kafa gari. Ahmadu ɗan Atiku ya yi haka a Cimmola. Ɗansa Muhammadu Maiturare, Marafa, shi ne ya kafa Gwadabawa a shekarun 1880, ya buɗe dajin arewa ga duk mai son zama, mutanen Adar da Gobir da Azbin suka yi ta kwararowa. Siyasarsa a bayyane take: ka zo, ga daji, ka sare, ka samu kariya, ka ba da zakka. Ƙauyuka da dama na ƙasar Illela da Gada da Tangaza sun samu cikarsu a wannan zamani, kuma Maiturare bai bar Gwadabawa ba sai da ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Kafin nan an riga an ja wani layi da ba a shawarci kowa a nan ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka dasa tsinke a birnin Sakkwato a kan taswira, suka zagaya da baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Da haka ta tsaya, da Konni tana Najeriya. Amma Faransawa suka tarar an bar su da hamada, babu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai suka nemi gyara a 1904, aka ƙara daidaitawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi 148 har zuwa tafkin Chadi. Layin ya ratsa tsakanin Illela da Konni, garuruwan da 'yan kilomitoci ne ke tsakaninsu. Gida ɗaya ya wayi gari gonarsa ta tudu tana ƙarƙashin wata doka, ta fadama tana ƙarƙashin wata. Wannan layi shi ne ya mayar da Illela garin iyaka, kuma har gobe shi ne babban abin da ke ɗaga farashin fili a garin ko ya kayar da shi.

A ɓangaren Ingila kuwa, kwana kaɗan bayan cin Sakkwato a watan Maris 1903, Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon da masu sarauta ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnati. Magajinsa Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, shi ne ya ba maganar siffar doka. Shi da wasu jami'ansa irin su Charles Temple sun sha karatun Henry George, Ba'amurken da ke ganin darajar fili jama'a ne ke samar da ita, don haka bai kamata ta tare a aljihun masu filaye ba. Kwamitin filayen Arewa ya zauna a Landan a 1908, a 1910 aka fitar da dokar da ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, aka sabunta ta a 1916. Dole mu faɗi alherin wannan doka: ta hana Turawa da kamfanoni mamaye gonakinmu irin yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Dole kuma mu faɗi aibinta. An gina ta a kan zaton cewa Bahaushe bai san sayar da gona ba, alhali a kewayen Kano da Sakkwato ana saye ana sayarwa, ana jingina, ana gado tun kafin zuwansu. Daga ranar aka samu tsari biyu a ƙasa ɗaya, na takarda a ofishin Razdan da na baki a zauren maigari, kuma ba su taɓa haɗuwa sosai ba.

Bukatar haraji ce ta haifi ma'aikatan filaye na farko masu horon zamani a Arewa. A ƙasar Kano, kafin yaƙin duniya na farko, aka fito da tsarin taki, inda malamai ke bin gona suna ƙirga tsawonta da faɗinta da takun ƙafa don a yanka mata kuɗin ƙasa. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 na cikin wuraren da aka horar da masu awo. Malaman taki su ne kakannin safiyo da mai ƙiyasin daraja na yau, kuma tun daga kansu talaka ya fara tsarguwa da duk wanda ya shigo gonarsa da littafi a hannu, don ya san ƙarshen awon biya ne. Wannan tsarguwa ba ta gushe ba, kuma tana cikin dalilan da suka sa iyaye a karkara ba su ɗauki aikin a matsayin na taimakon jama'a ba.

Can Ingila kuma fannin yana girma ta wata hanya dabam. Manyan gidajen sarauta masu dubban eka suna bukatar wakilai da suka san haya da gyaran gini da dokar gado, shi ya sa bayan yaƙin duniya na farko jami'ar Kambirij ta fara koyar da kula da irin waɗannan kadarori. Donald Denman ya yi ta fafutukar cewa abin ya wuce sana'ar wakilci, ilimi ne na yadda haƙƙin mallaka ke juya amfanin ƙasa. A 1962 aka kafa sashen tattalin filaye a jami'ar, a 1968 ya zama farfesansa na farko. Digirin can shekara uku ne, ginshiƙansa shari'a da tattalin arziki da muhalli. A shekarar 1962 ɗin nan ce majalisar Kaduna ta zartar da dokar mallakar filaye ta Jihar Arewa, wadda ta ɗauki ikon gwamnan Turawa ta miƙa wa minista, ta kuma sa wanda ba ɗan asalin Arewa ba sai da izini zai riƙe fili. A ita ce kuma aka buɗe jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Duk da haka digirin bai fara sauka a Arewa ba. Jami'ar Najeriya ce ta fara shi a harabarta ta Inugu a farkon shekarun 1960, Kumasi ta Gana ta buɗe nata, Ife ta biyo baya da aka gama yaƙin basasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Legas da Ibadan da Inugu akwai kasuwar filaye a sarari, akwai bankunan da ke karɓar gida jingina, akwai harajin gidaje, ga shari'un filaye da ba su ƙarewa. A Arewa doka ta ce ƙasa ba ta sayarwa, En'e kuma tana riƙe da komai ta hannun hakimai, sai aka ga kamar babu abin da za a ƙiyasta. Abin da aka sani game da filayenmu a lokacin, masana labarin ƙasa da na noma ne suka tattara shi. Mansell Prothero ya ƙirga masu fita cin rani daga lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ya samu kimanin rubu'in miliyan. Michael Mortimore ya auna cunkoson gonakin kewayen Kano, masu bincike na Samaru suka yi irin wannan a wasu ƙauyukan kusa da Sakkwato. Abu ɗaya suka yi ta gani: daji ya ƙare, saura ta ɓace, gandu yana watsewa, gona tana ƙanƙancewa a kowane rabon gado. Fili ya zama dukiya tun doka ba ta yarda ba.

Shekarun 1970 suka zo da fari da kuɗin man fetur a lokaci guda. Ƙungiyar masu ƙiyasta darajar filaye da gidaje ta Najeriya, NIESV, ta kafu a 1969, doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna. Sai ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da filaye, wadda a zahiri tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Gwamna ke riƙe da ƙasar jiha amana, shi ke ba da shaidar mallaka a birni, ƙaramar hukuma ke bayarwa a karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Sayarwa ko jingina sai da amincewar hukuma. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da za ta biya ta abin da ke kansa ce, gini ko shuka ko itace, ba ta ƙasar kanta ba. Aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, yadda gyara ta sai da wahala.

Ba a daɗe ba muka ga abin da wannan ke nufi a aikace, a nan tsohuwar jihar Sakkwato. An kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978. An karɓe gonaki, an baje su da katafila har alamomin iyaka suka ɓace, manoma suka yi damina bayan damina ba shuka, da aka zo mayar musu da filaye wani ya samu ƙasa da nasa, wani ya tarar sunan wani a kan gonarsa. Diyyar itatuwa da gidaje ta zo a makare, ta zo da gardama. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama ta ragu, su ko lissafinsu ba a yi ba. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Idan aka bi zaren wannan musiba zuwa tushe, rajistar gonaki ce da ba a yi daidai ba, da ƙiyasin da aka yi ba da sanin masu gonar ba. Da akwai 'ya'yan yankin masu wannan ilimi, da suke jin harshen manomi suke kuma jin na ofis, da wataƙila maganar ba ta kai ga jini ba.

Illela tana da nata darasin a Kalmalo. Ruwan tafkin daga gulbin Magiya yake zuwa, shi kuma daga Nijar ya taso. Daga ƙarshen shekarun 1970 Nijar ta dogara da madatsun Mozage da Zango don shayar da babban filin noman rani na Konni. Fari ya haɗu da tare ruwa da cikewar ƙasa, tafkin da ya ciyar da masunta da masu lambu ya yi ta ja da baya. A ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su, Magiya na ciki. Mai lambu a bakin Kalmalo bai sayar da ko taku ɗaya ba, iyakarsa tana nan inda kakansa ya bar ta, amma darajar gonarsa ta faɗi saboda shawarar da aka yanke a wata ƙasa. Babu misalin da ya fi wannan nuna wa ɗalibi cewa darajar fili ba a cikin turɓaya kaɗai take ba.

Haka abin yake a cikin gari. Kasuwar Lahadi da karar dabbobinta, da motocin da ke tsallakawa Konni da Tawa, su suka mayar da gonakin bakin hanya fuloti da shaguna da sito. Da gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, abin ya zo daidai da yunwar da mutanen Nijar suka sa wa sunansa. An sake rufewa a watan Agusta 2019, ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Illela na ciki tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 aka kuma garƙamewa, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowane dillali a garin zai gaya maka yadda kuɗin hayar shago ke bin ƙofar iyaka sama da ƙasa. A hannun dillalan nan ilimin ya koma: su ke awon igiya, su ke sa farashi, su karɓi la'ada, a rubuta takardar ciniki mai unguwa ya sa hannu. Sun san kasuwa ƙwarai, ba mu raina su ba. Amma awon igiya ba ya barin hanya mai faɗi, ba ya barin magudanar ruwa ko filin makaranta, yakan kuma ci burtali, takardar da yake bayarwa ma banki ba ya karɓa.

A hankali karatun ya hauro Arewa, ya fara shigowa ta kwalejojin fasaha irin ta Kaduna da ta Birnin Kebbi, inda ake yin difloma ta shekara biyu, a dawo a ƙara biyu. Daga baya jami'ar fasaha ta Minna da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci da ta Bayero a Kano suka buɗe sassan digiri. Ɗalibi yana shiga da sakamako mai kyau a lissafi da Turanci da tattalin arziki. Zai karanta dokar filaye, da hanyoyin ƙiyasta daraja, da awon ƙasa, da tsara birane, da sanin gini, da harajin kadarori, ya fita koyon aiki na wata shida, bayan ya gama kuma ya yi horo a ƙarƙashin ƙwararre kafin a yi masa rajista. Karatu ne mai nauyi, mai kuma abin yi a gwamnati da banki da kotu. Sai dai manhajar riga ce da aka ɗinka da awon wani. Misalanta na benen Legas ne da rukunin gidajen Abuja. Ɗalibi zai iya fita ya ƙware wajen lissafin hayar ofis na shekara ashirin, amma a kawo masa gonar gado mai magada goma sha biyu, rabinta a jingine, gefenta burtali, ya rasa ta inda zai kama. Rabon gado da hauzi da shufa'a da wakafi su ne abin da kotunan shari'a na ƙasar Sakkwato ke fama da shi kullum, kuma alƙali yana bukatar wanda zai yi wa gona da gida kuɗi bisa gaskiya kafin a raba.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanyar da ta cancanci a duba. A watan Maris 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, ta samar da kwamitocin filaye tun daga matakin gunduma har ƙauye, inda maigari ke zama da wakilan manoma da makiyaya da mata, ana rubuta ciniki da kyauta da aro da jingina, ana kuma shata burtali. Tsarin yana da nasa rauni, amma ya amince da abin da mutane ke yi, ya ba shi takarda. A namu ɓangaren, kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya nuna cewa filayen Najeriya masu rajista ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, bayan fiye da ƙarni guda ana rajista. Yunƙurin gyara dokar 1978 bai kai gaci ba.

Yanzu ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoba 2024, kuma daga Illela ta fara. Za ta ratsa gonaki, za a ƙirga itatuwa da rijiyoyi, za a biya diyya bisa dokar da ba ta biyan kuɗin ƙasa. Filayen gefenta za su yi tsada, masu kuɗin birni sun fi mai gona sanin haka, kuma za su riga shi lissafi. Muna kira ga iyaye da shugabannin makarantun sakandare na Illela da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma su nuna wa yaran da ke da kan lissafi, maza da mata, cewa akwai wannan karatu bayan likitanci da lauya. Ƙaramar hukuma da attajiran kara su ɗauki nauyin ko da 'yan kaɗan a kowace shekara, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Jami'o'in da ke Sakkwato kuma su ba fannin muhimmanci, su sa fiƙihun filaye da dokar karkara ta Nijar a cikin manhaja, su riƙa kai ɗalibai Kalmalo da Bakolori su ga abin da idonsu.